Orfa da Makullin Mota

Ranar Asabar, goma sha bakwai ga watan Janairu na shekarar 2015, wani direban motar dakon shinkafa mai suna Libardo Tafur ya shiga shagon ɗinkin Orfa Nelly Perdomo da ke bayan kasuwar garin Espinal, yana janye da 'yarsa. An kusa komawa makaranta, shagon cike yake da iyaye masu jiran kayan 'ya'yansu. Yarinyar sunanta Yurani, shekararta takwas. Rigar makarantar da aka saya mata a kanti ce ta kawo su, domin duk sanda aka sa mata sai ta tuɓe ta yar, ko a gida ko a tsakiyar titi. Uban ya ce ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Tun da uwarta ta rasu bai san yadda zai yi da ita ba.

Yana cikin bayani Yurani ta zagaye shagon. Ta buɗe gwangwanin maɓallai, ta tambayi sunan keken ɗinki, ba ta jira amsa ba ta koma kan almakashi, daga nan ta sanar da duk wanda ke wurin cewa gadar babban kogi ba ƙarfe zalla ba ce kamar yadda mutane ke zato. Orfa ta juya cikin rigar ta shafa da bayan hannu, ta tambayi yarinyar ina ne yake cizon ta. Yurani ba ta dube ta ba, amma ta ɗora yatsa a ɗinkin wuya da na hammata. Orfa ta ɗinka mata wata da yadi mai laushi, ta kwantar da bakin ɗinkin. Yarinyar ta sa ta har ta ƙoɗe.

A ƙarshen shekarar da ta biyo baya aka ɗaura auren Orfa da Libardo. Ta haura arba'in, ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Matan kasuwa suka riƙa tsokanar ta cewa 'yar ta aura, uban gyara aka yi mata. Ba ta musa ba.

Ita ce ta kai Yurani wurin likita a birnin Ibagué. Bayan zuwa da dawowa, likitar ta ce abu biyu ne suka haɗu wa yarinyar: wanda ake kira otizim, da kuma lalurar nan ta rashin natsuwa, wadda ke sa hankali tsalle daga wannan zuwa wancan. Orfa ta saurari bayanin duka, ta dawo gida ta faɗa wa Libardo yadda ita ta fahimta. Ta ce kamar yara biyu ne a jiki ɗaya. Ɗaya tana so yau ta zama daidai da jiya, ƙara tana yi mata ciwo, baƙon wuri yana firgita ta. Ɗayar kuma in ta ga abu sau biyu ta gaji da shi, ƙafarta na ƙaiƙayin tafiya. In ka faranta wa ɗaya, ka ɓata wa ɗaya. Libardo ya ce shi dai abin da ya sani, yarinya ce, za ta girma.

Babu inda wannan rigima ta fi fitowa fili kamar a hutun ƙarshen shekara, lokacin da kowa ke ɗaure kaya. Yurani ce ke fara naci tun watan Satumba. Tana son ganin teku, tana son ganin gadar da ta gani a littafi, tana son hawa dutse. Amma kafin zuwan Orfa duk tafiyar da aka yi da ita da kuka ta ƙare, ta toshe kunne tana buga kai a jikin kujera, uban yana ba baƙi haƙuri. In an dawo gida ta huce, sai ta yi ta kukan ba ta ga abin da aka je gani ba.

Orfa ta ɗauki shirya tafiya kamar yadda take ɗaukar ɗinki, sai ta auna kafin ta yanka. Ba ta zaɓen inda ba ta taka da ƙafarta ba. Ranar Lahadi takan hau bas ita kaɗai ta je ta ga masaukin. Ta shiga ɗakin, ta kunna fanka ta saurari ƙararta, ta buɗe famfo, ta tambayi mai gidan ko maƙwabta na da kare, ko akwai coci kusa, da lokacin da ake kaɗa ƙararrawa. Ta ɗauki hotuna a waya, har da na banɗaki, ta dawo su yi ta kallo tare har wurin ya zama kamar an taɓa zuwa. Zanen gadon Yurani na gida shi ake tafiya da shi, da kofinta. Safiya a ko'ina iri ɗaya ce da ta gida, koko da madara, da ƙwai wanda bai taɓa komai ba a faranti. La'asar kuwa a buɗe take barin ta, ta ajiye abu biyu sababbi yarinyar ta zaɓa a lokacin, domin ɗaya yarinyar da ke ciki ita ma ta samu nata. Yurani ce ke haɗa jakarta da kanta, ta cika ta da duwatsu da littattafai ta manta da takalmi. Orfa takan ajiye jaka ta biyu a bayan mota.

Motar ma saboda wannan aka saye ta, wata 'yar tsohuwa mai launin toka, kuma saboda wannan Orfa ta koyi tuƙi da furfura a kanta. Domin duk shirin nan a kan abu ɗaya ya tsaya. Duk inda aka sauka, ana ajiye motar a waje, gabanta na kallon hanya, ba wanda zai tsaya a bayanta ko a gabanta, makullin kuma yana aljihun Orfa. Ta yi wa Yurani alkawari tun tafiyar farko, a bakin ƙofar gida, ta durƙusa daidai tsayinta.

"In kin ce mota, mota. Ba zan tambaye ki dalili ba, ba za mu tsaya sallama da kowa ba."

Yurani ta gwada ta a wannan tafiyar, ana tsakiyar cin abinci. Orfa ta ajiye cokali ta tashi. Suka zauna a motar, suka ɗan zaga, yarinyar ta ce a koma. Daga nan ba ta cika faɗar kalmar ba. Takan zo ne kawai ta taɓa aljihun Orfa ta ji ƙarfen, ta koma wasanta. Da haka suka ga yankin da ake noman kofi, suka ga gadar da ke littafin, daga baya har suka ga teku. Libardo yakan bi su in aiki ya bar shi, ya kwanta a raga yana yaba wa matarsa, yana cewa ko shugaban ƙasa ba a shirya masa tafiya haka.

Wuri ɗaya ne Orfa ba ta yarda ta kai yarinyar ba, shi ne taron dangin Tafur na ranar ɗaya ga Janairu. Mahaifiyar Libardo, Doña Herminia, tana zaune a gonar gado gaba da garin Guamo, a bakin rafi. Kowace sabuwar shekara 'ya'ya da jikoki da surukai sukan hallara, a kafa murhu a bakin ruwa, a ɗora babbar tukunyar miyar sancocho, ta kaji da rogo da agade da masara, a kunna kiɗa, a sha, a yi wanka. Mai riƙe da ragamar taron ita ce Nubia, yayar Libardo, mace mai murya da kyauta, wadda ba a shiga gidanta a fita da yunwa. Tana da al'ada guda da dangin ke alfahari da ita. Duk wanda ya iso, takan karɓi makullin motarsa ta jefa a wata tsohuwar tukunya ta ɓoye. An fara ne don kada maza su sha su hau hanya, daga baya ya zama abin wasa da nuna ƙauna. A gidan Tafur ba a tafiya sai an ga gindin tukunyar miya, sannan a bi kowa ɗaya bayan ɗaya a sumbace shi, a durƙusa a karɓi albarkar tsohuwa. Wanda ya nemi makullinsa da wuri, shi ne abin tsokana har shekara ta zagayo.

Orfa takan bari sai kowa ya watse, ta kai Yurani su wuni da kakarta su kaɗai. Doña Herminia tana jin daɗin zuwan, amma dangin ba su taɓa yafe wa Orfa ba. Nubia takan tambayi Libardo yaya gimbiya da mai tsaronta.

A watan Disamba na 2022 tsohuwar da kanta ta kira Orfa a waya. Ranar sabuwar shekara za ta cika tamanin, kuma ta sha jinya a daminar nan. Ta ce, da kalmar ƙaunar da mutanen yankin ke kiran na jiki da ita, "Mija, ban san ko zan ga wata ba. Ina so in ga jikokina duka a wuri ɗaya." Yurani, wadda ta kai sha shida, ta ji maganar ta ce tana son zuwa. Ta gaji da ganin hotunan 'yan uwanta a ruwa ba ita.

Orfa ta yi abin da ta saba. Ta hau mota ta tafi gonar mako biyu kafin ranar, ta tarar da Nubia a kicin tana gyaran masara. Ta zauna ta kama mata aikin, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Motarta za ta tsaya a wajen shinge, ƙarƙashin bishiyar bakin hanya. Makullin ba zai shiga tukunya ba. In suka tashi tafiya kada kowa ya tare su, kada a ji haushi. Ta kuma roƙa a gaya mata duk abin da aka shirya mai ƙara, don ta sanar da yarinyar tun da wuri.

Nubia ta yi dariya har tana share ido da gefen riga.

"Orfita, ke da a barikin soja kike da tuni an ba ki tauraro. Me za mu yi wa 'yar ƙanena, cinye ta za mu yi?"

"Na san kuna son ta, Nubia. Alkawari nake so."

"To na yi. Makullinki naki ne. Kiɗa kuma na rediyo ne kawai, shi ma can nesa da gindin mangwaron da za a zauna."

Ta haɗa yatsu ta sumbata, ta rantse da Budurwa Maryamu. Ta cika wa Orfa bayan mota da lemo da gwanda. A hanyar dawowa Orfa ta riƙa jin kunyar kanta, tana cewa wataƙila ita ce ta daɗe tana munana wa mutanen nan zato.

Ranar ta faɗo Lahadi. Suka isa da sanyin safiya kafin jama'a, Orfa ta ajiye motar inda aka yi magana, Yurani ta zagaya ta duba ta tabbatar. Safiyar ta yi kyau fiye da yadda Orfa ta yi fata. Yarinyar ta gaida kakarta, har ta bari tsohuwar ta riƙe mata hannu. Yurani ce ta zaɓo duwatsun murhu a bakin rafi, ta ƙi waɗanda maza suka kawo ta ce za su fashe in sun ji wuta. Ta kama wani kawunta da labarin gadoji har ya nemi ceto. Ta shiga ruwa da 'yan uwanta mata, abin toshe kunnenta na rataye a wuya ba ta ko sa ba. Sau ɗaya ta zo ta taɓa aljihun Orfa da jiƙaƙƙen hannu ta koma.

Wajen tsakar rana Orfa na zaune cikin mata tana feran rogo, Libardo ya zo ya tsaya a kanta. Ya ce ƙanƙara ta ƙare, kuma duk makullan suna tukunyar Nubia, ta ba shi nata ya je shagon ƙauye ya dawo. Ta ɗaga kai ta dubi rafi, Yurani na can tana dariya.

"Yanzu zan dawo, mija. Kafin ki gama wannan rogon."

Mijinta ne, kuma uban yarinyar. Ta goge hannu ta ba shi.

Ya dawo da ƙanƙarar. Da ta tambayi makullin ya ce yana aljihun wandonsa da ya cire a cikin gidan gonar, bari ya ɗauko. Da ta sake nemansa yana tsakiyar ruwa ana watsa masa. Ta yi niyyar hawa gidan da kanta, sai aka miƙo mata farantai aka ce a fara zuba wa yara. Ta zuba wa Yurani nata daban, romo a kofi, rogo a gefe, yarinyar ta ci.

Ba a daɗe da gama ci ba aka ji ƙarar babbar mota a saman gangare. Maza shida suka sauko da kakaki da ganguna da farantan ƙarfe, waɗanda Nubia ta ɗauko a ɓoye don ta ba tsohuwa mamaki. Suna isowa bakin ruwa suka saki kiɗa gaba ɗaya, samari kuma suka fara harba rokokin wuta sama, irin masu fashewa kamar bindiga. Jama'a suka ɗauki shewa. Doña Herminia ta rufe baki da hannu tana hawaye.

Orfa ba ta kalli kowa ba sai Yurani. Yarinyar na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ta dafe kunnuwa, kafaɗunta sun haɗe da wuya. Abin toshe kunnen ya faɗa ruwa. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta fito a hankali, ta ratsa masu rawa tana kauce wa hannayen da ke jawo ta, ta iso gaban Orfa.

"Mota."

Orfa ta ce to, ta kama hanyar gangare, yarinyar na biye. Sai a lokacin hannunta ya shiga aljihu ya tarar da wofi. Ta ce wa kanta ba komai, wandon na gida. Suka hau. A ƙarƙashin bishiyar bakin hanya babu mota. Tana can cikin farfajiya, an kai ta ƙurya gabanta na kallon bango, motoci sun jeru a bayanta, babbar motar makaɗa ta toshe ƙofar shinge.

Yurani ta tsaya tana kallon sawun taya a ƙasa. Orfa ta ce mata ta jira nan, ta gangara da gudu. Ta sami Libardo a gefen murhu da kwalba a hannu. Da ta tambaye shi wa ya taɓa motar, ya kau da kai. Nubia ce ta amsa, tana rawa, ta rungumo ta da hannu ɗaya.

"Yau ba mai tafiya, Orfita. Ki saki jikinki. Ƙarfe biyar za a ɗauki hoto da Mama."

"Kin rantse mini."

"Na rantse ba zan karɓa daga hannunki ba, kuma ban karɓa ba. Ubanta ne ya kawo. Tun daren Kirsimeti da na zo gidanku muka gama magana." Ta sassauta murya, da gaske take, ba da mugunta ba. "Ki bar ta ta yi kukanta, za ta saba. Kowane yaro haka yake sabawa. Muddin kina buɗe mata ƙofa ba za ta taɓa zama cikin mutane ba. Da kin haihu da kin gane."

Orfa ta dubi Libardo ta ce ya ba ta makullin. Ya ce bai san inda Nubia ta ɓoye tukunyar ba, kuma ko an samo, sai an tada mota biyar, masu su kuwa duk sun sha. Ya ce ta yi haƙuri na awa biyu kawai, don Mama. Wani daga cikin surukai ya ɗaga kofi ya ce a ba soja kujera ta huta, aka yi dariya. Wata roka ta sake tashi.

Da ta koma saman gangare Yurani ba ta wurin. Ta hango ta a kan hanyar gona, ta yi nisa, tana tafiya da sauri cikin jiƙaƙƙun kaya, ba takalmi. Takalman na bakin rafi. Orfa ta bi ta.

Hanyar ta tsakuwa ce, ta ratsa gonakin shinkafa, babu inuwa, rana kuma tana tsaka. Orfa ta san ba a taɓa yarinyar a irin wannan hali, ba a kuma yi mata magana. Ta bar tazara tsakaninsu tana biye. Tana jin ta tana wani gurnani a maƙogwaro, tana dukan cinyarta da dunƙulen hannu daidai da takunta. Kiɗan na bin su daga baya, yana raguwa. Da Orfa ta ga jini a sawun ƙafar, ta wuce ta ta gefe, ta cire nata takalman ta ajiye a tsakiyar hanya, ta koma baya. Yurani ta iso, ta kewaye su ta wuce. Orfa ta ɗauka ta riƙe a hannu, ita ma ba ta mayar ƙafarta ba. Ba wanda ya biyo su. Daga baya aka ce an ɗauka suna bayan gida ne yarinyar na hucewa.

Rana ta yi sanyi kafin su fito babban titi. Suka zauna a rumfar jiran mota, kowa a ƙarshen benci. Ranar sabuwar shekara motoci ba su da yawa, sun jima kafin bas ta tsaya. Yurani ta shige kujerar baya ta manna goshi da gilashi. Sai da fitilun Espinal suka fara bayyana ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Kin san za su yi?"

"Ban sani ba."

"Amma kin ba shi."

"Na ba shi."

"Kin ce yana aljihunki."

Duk abin da Orfa za ta faɗa gaskiya ne, kuma babu wanda zai canza cewa ta ba da makullin. A gida ta dafa ruwa ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin, da auduga da magani. Yurani ta wanke ƙafarta da kanta.

Libardo ya dawo da motar washegari da hantsi. Ya shigo da robar sancocho da Nubia ta aiko, ya ajiye makullin a kan tebur. Ya ce Mama ta yi kuka da aka ɗauki hoto babu Yurani, ya ce Orfa ta kunyata shi a gaban danginsa. Daga baya ya sauko. Ya ce shi alheri ya nufa. Ya ce su biyun ba za su dawwama ba, ran da suka mutu wa zai riƙa juya wa Yurani mota tana kallon hanya? Dangi ne za su riƙe ta, to gara ta saba da su tun yanzu. Orfa ta yarda tambayar tana da nauyi, ita ma ta sha kwana da ita. Ta ce da ya kawo mata ita a gida da sun zauna sun duba. Abu ɗaya ta tambaye shi, a ina take lokacin da suka ƙulla maganar.

"Kina kicin kina wanke-wanke."

"Ƙanƙarar fa?"

Ya ce akwai ƙanƙara a gidan, buhu biyu.

Bayan kwana uku Doña Herminia ta kira. Orfa ta ɗauka tana zaton tsohuwar ce kaɗai ba ta da hannu. Tsohuwar ta tambayi ƙafar yarinyar, ta yi addu'a, sannan ta ce ita dai ta gaya musu su yi duk yadda za su yi jikarta ta kai lokacin hoto, ba ta san abin zai kai haka ba. Ta ce a yafe wa juna, dangi ne. Orfa ta ce Allah ya ƙara lafiya, ta ajiye wayar.

Yurani ta yi makonni ba ta fita ba, ta koma makaranta a makare. Ba ta zagi kowa ba, ba ta sake tada maganar ba. Da watan Satumba ya zo ba ta ambaci teku ko gada ba. Orfa ta jira har Oktoba, ta je ita kaɗai ta duba wani masauki a kan tudu mai sanyi, ta dawo da hotuna. Yarinyar ta kalle su duka, ɗaya bayan ɗaya, ta ce wurin yana da kyau, ta miƙa mata wayar. Orfa ta ce wannan karon makullin a wuyan Yurani zai zauna, a jikin igiya. Yurani ta ce ita ba ta iya tuƙi ba, kuma ana iya toshe mota ko makulli yana hannunka. Ba su je ba. Yurani ba ta sake shiga motar ba, ko zuwa asibiti sai dai su hau bas.

Orfa ba ta bar gidan Libardo ba a lokacin. Ba ita ta haifi yarinyar ba, babu wata takarda da ta haɗa su, in ta fita ita kaɗai za ta fita. Ta ci gaba da dafa masa abinci da wanke masa kaya, ta mayar da shimfiɗarta ɗakin baƙi. Ba ta sake taka gonar ba, har ranar jana'izar Doña Herminia a shekarar da ta biyo baya, inda ta tsaya a coci ta dawo. Nubia tana aiko da lemo da gwanda duk kaka, kuma har yau tana faɗa wa mutane cewa da an bar yarinyar awa ɗaya da ta saba.

Yurani ta cika sha takwas a watan Agusta na 2024. A watan Satumba ita da Orfa suka koma ɗakuna biyu da ke bayan shagon ɗinki. Libardo bai hana ba, yakan zo ranar Lahadi ya ga 'yarsa, su zauna a bakin shago. Ba a raba auren a kotu ba. Orfa ta sayar da motar a wannan shekarar. Yurani tana karatun zanen gine-gine a wata makarantar koyon sana'a a garin, tana zuwa da ƙafa. Tun ranar ɗaya ga Janairu na 2023 ba ta kwana a wajen Espinal ba. Orfa tana da shekara hamsin, tana shagonta, kuma a hutun ƙarshen shekara ba ta rufewa.